Gara da Surukin Mai Maɗaba'a

An ce a wani gari akwai marubuci, Malam Barau, wanda ya tara waƙoƙin niƙa na marigayiya mahaifiyarsa a babin ƙarshe na littafinsa. Mai maɗaba'ar kuwa, Alhaji Sambo, surukinsa ne, ga kunyar surukuta, sai aike ke shiga tsakaninsu. Ran nan matar Barau ta dawo daga gidansu ta ce Baba ya ce a cire babin. Abin ya ci wa Barau rai, ya zauna ya yi tagumi, yana shawarar janye littafin baki ɗaya.

Sai wata tsohuwar gara ta leƙo daga kantar littattafai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, janye mana, mu samu na kalaci! Amma ka ji labarin Malam Jatau tukuna."

Barau ya ce, "Wane ne shi?"

Gara ta ce, "Marubuci ne, ya aiki abokinsa wurin mai maɗaba'arsa cewa hoton mahaifinsa, a bar shi. Nufinsa a bar shi a ciki. Shi kuwa mai maɗaba'a ya fahimci a bar shi waje. Littafi ya fito ba hoto, Jatau ya yi rantsuwa ba za a sayar ba. Mai maɗaba'a ya kai kuka ga yayarsa Tasalla, ta ce, 'Kai ma dai! Ba ka ji na telan unguwarmu ba? Wata ta aika masa a sake wuyan riga, don ya matse ta. Shi ko ya farke aikin zaren duka ya sake wani sabo. Da ta tako da ƙafarta, ai da wuyanta ya nuna masa. Tashi ka je gidan mutumin nan.' Bai je ba, Jatau ma bai zo ba. Wallahi Malam, ni na cinye littattafan nan, har bango."

Barau ya ce, "Kin yi gaskiya. Kunyar nan tawa ce, waƙoƙin kuwa na Inna ne."

Ya tafi maɗaba'a, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Alhaji, kansa a sunkuye ya tambayi laifin babin.

Alhaji ya ce, "Laifi? Barau, karantawa na yi ban ji komai ba, kalmomi ne kawai a kwance. Yaya ake rera su?"

Gumi ya karyo wa Barau. Waƙa a gaban suruki! Amma ya daure ya ɗauko ta farko, yadda Inna ke jan ta a kan dutsen niƙa. Bai kai ƙarshe ba Alhaji ya share ido da hannun riga.

Ya juya ga ma'aikata ya ce, "Ku tsai da injin nan." Ya dubi Barau ya ce, "Tamu tsohuwar ma da ita take niƙa. Ci gaba."