Murfin Tankin Ma'aruf

A bakin dam ɗin Daberam, a shekarun da aka fara Shari'a, akwai wani mutum mai suna Ma'aruf da ke ƙetarar da mutane a jirgi. Shi kaɗai ke da inji a wannan gaɓar, wani tsohon inji da ya sayo hannun wani masunci da ya dawo daga tafkin Chadi. Ma'aruf ba rago ba ne, ba kuma macuci ba ne. Ciwonsa ɗaya: ba a gaya masa. Wata shida ya yi a garejin babura a Daura, amma in ka ji yana maganar inji sai ka rantse shi ya ƙera shi. Tun da ya ɗaura injin ya bar ɗaukar filafilin tuƙi, wai kayan mutanen da ne.

Damina ta yi tsakiya sai injin ya soma wani hali. A gaɓa ja ɗaya ake yi wa igiya ya tashi yana ruri. Da an yi nisa sai ƙarfinsa ya dinga raguwa, ya yi tari, ya mutu. Ma'aruf ya canza fulogi, bai daina ba. Ya wanke kafireta sau biyu, ya duba farfela ko tsohuwar koma ce ta naɗe ta, babu komai. Daga nan ya ɗora laifin a kan 'yan bumburutu, ya ce ruwa suke zuba wa fetur. Hujjarsa ita ce, duk lokacin da injin ya mutu ya buɗe tanki ya ƙara mai daga wata jarka, sai ya tashi garau.

Tun da aka raba wurin zama a jirgin, maza gaba mata baya, mazaunin Nagoggo ya koma dab da tankin. Nagoggo tsohuwa ce mai sayar da man gyaɗa da kalanzir, shekara arba'in tana juye mai daga wannan mazubi zuwa wancan. Ta lura Ma'aruf ya shimfiɗa leda a bakin tankin ya murɗa murfi a kai, kamar yadda ake yi wa jarkar man gyaɗa don kada ta yi yoyo. Ta lura kuma kafin injin ya mutu, cikin tankin robar yakan lotsa, in an buɗe ya yi tsaki ya koma daidai.

Wata ranar kasuwa ta ce masa, "Kai ɗan nan, tankinka ba ya shan iska. Ko gwangwanin madara huji biyu ake yi masa kafin ya zubo. Cire ledar nan."

Ma'aruf ya yi dariya don mazan da ke gaba su ji. "Iya, wannan inji ne, ba kaskon tuyar ƙuli ba. Ledar nan ita ke hana ruwan sama shiga."

Aka yi dariya. Nagoggo ta gyara lulluɓinta, ta ce to, ta ji.

Kwana huɗu bayan haka, da azahar, Ma'aruf ya sauke fasinja a ƙetare sai ya ga mutane sun nufo gaɓa da gudu ɗauke da mutum a kan ƙyauren langa-langa. Wansa ne, Hamma, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu. Kububuwa ta sare shi a idon sawu yana cikin noman gyaɗa. Ƙafar ta riga ta soma hawa. Hanyar mota da ta zagaya dam ɗin ruwa ya cinye ta tun makon jiya, ba wata hanya zuwa asibiti sai ta ruwa. A jirgi kuwa tafiyar rabin awa ce, a can gaɓar akwai motocin Daura.

Aka kwantar da Hamma a tsakiya. Matarsa Zinariya ta shiga tana riƙe da kansa. Nagoggo, da ke jiran jirgi da jarkokinta, ta bar su a gaɓa ta shiga don ta taya Zinariya. Ma'aruf ya cika tanki, ya mayar da ledarsa, ya murɗa murfi har sai da jijiyar hannunsa ta tashi. Maza biyu suka so bi, ya ce nauyi zai rage gudu.

Injin ya tashi da ja ɗaya. Ma'aruf ya murɗa hannun gudu har ƙarshe, abin da bai saba yi ba. Gabas ta soma duhu, iska na bugo su ta gaba. Hamma yana salati a hankali, in ya tofar da yawu sai a ga ja a ciki.

Suna kaiwa tsakiya, inda ba a rarrabe mutum da akuya a kowace gaɓa, muryar injin ta sauya. Ya yi tari sau uku ya yi shiru. Ma'aruf ya ja igiya, ya sake ja, ya ja har fatar yatsansa ta saɓule. Yau ba shi da jarkar ƙari, ya juye ta duka a tanki, don haka bai ga dalilin taɓa murfin ba.

Nagoggo ta ce, "Dubi tankin, Ma'aruf. Ya lotsa."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce mata ba yanzu ba, rai ne a hannunsa. Ya cire hular injin, ya ɗauko sukudireba, ya kama kwance kafireta a kan ruwa mai motsi. Zinariya ta roƙe shi don girman Allah ya saurari tsohuwa. Hamma ma ya buɗe ido ya ce, "Ƙanena, gwada abin da ta ce. Me zai rage ka?"

"Yaya, ka bar ni da aikina. Datti ne ya toshe, minti biyu ne."

Ya zaro wani ɗan jan ƙarfe mai huji wanda mai ke bi ta cikinsa, bai fi ƙwayar masara ba. Ya ɗaga shi sama zai hura. Igiyar ruwa ta bugi gefen jirgin. Abin ya suɓuce daga yatsunsa masu jini da maiƙo, ya daki katako sau ɗaya, ya faɗa dam.

Nagoggo ta miƙa hannu ta kama murfin tankin da gefen zanenta, ta murɗa da ƙyar. Tankin ya ja iska da dogon tsaki, cikinsa ya dawo daidai a gaban idon kowa. Ta zare ledar ta ajiye masa a cinya.

"Ga ciwon injinka," in ji ta. "Yanzu mayar da abin da ka cire mu tafi."

Ma'aruf ya dubi ruwa. Ya dubi wansa.

Filafili babu. Ya ɓamɓaro katakon da ake zama a kai ya shiga tuƙi da shi, Nagoggo ta ɗauki tasar kwalfe ruwa tana taya shi ta ɗaya gefen. Ruwan sama ya sauko, iska tana mayar da su baya. Zinariya ta rufe mijinta da mayafinta, tana share masa jinin da ke tsattsafowa daga dasashi. Kumburin ya wuce gwiwa suna kallo. Tafiyar rabin awa ta cinye musu awa uku da wani abu, sai bayan la'asar sakaliya wasu masunta suka hango su suka jawo su gaɓa.

A asibiti an ceci ran Hamma, amma ba a ceci ƙafar ba. Naman ya riga ya mutu, aka yanke ta daga gwiwa. Ma'aikacin da ya karɓe su ya tambayi ƙarfe nawa aka yi saran, da aka faɗa masa sai ya girgiza kai kawai. Ma'aruf yana tsaye a wurin.

Wani bakanike daga Zango ya sa wa injin sabon ɗan ƙarfen, bai taɓa komai ba bayan wannan, har yau injin bai sake mutuwa a tsakiyar ruwa ba. Hamma ya bar noma, yana zama a gaɓa yana ɗinkin koma, sandarsa a gefe. Bai taɓa yi wa ƙanensa gori ba. Kullum da safe dai Ma'aruf sai ya wuce ta gabansa, ɗauke da tanki a hannu ɗaya, filafili biyu a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe shi, ba ya iya haɗa ido da shi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, ba sai an yi masa ado ba. In abu ya lalace, fara da duba ƙaramin dalili kafin ka kai hannu ga babba, musamman abin da kai da kanka ka sauya. In an ba ka shawarar da gwada ta ba zai ci maka komai ba, gwada ta, ko daga bakin wa ta fito. Sanin aiki ba ya hana mutum kuskure, amma girman kai shi ke hana shi gyarawa da wuri. Kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke ɗaukar raunin ba, wanda ya amince ya shiga jirginsa ne.