Hassoumi, Gajeren Kwatabak na Minguettes

Akwai wani matashi a unguwar Minguettes, can gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa, sunansa Hassoumi. Ɗan Maraɗi ne. Yana yaro mahaifinsa, Malam Abdourahamane, wanda ke aiki a masana'antar ƙera manyan motoci, ya ɗauko su shi da mahaifiyarsa suka dawo Faransa da zama.

Hassoumi gajere ne, gajartar da ba ta ɓoyuwa. Tsawonsa mita ɗaya da santi saba'in. Amma Allah ya ba shi hannu. In ya yi jifa, sai ka rantse majajjawa ce.

A makarantar sakandare ya gamu da ƙwallon Amurka. Ga waɗanda ba su san wasan ba, shi ne wanda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa, ƙwallon kuma siffar gwanda gare ta. Jagoran 'yan wasa shi ake kira kwatabak. Yana tsayawa a bayan ƙattin gaba masu kare shi, ya karɓi ƙwallo, ya duba filin, ya jefa wa ɗan'uwansa da ke gudu can nesa. Kusan duk wanda ya yi suna a wannan matsayi dogo ne mai jiki.

Shi kuwa Hassoumi wannan matsayin ya sa wa rai, ba wani ba.

A shekarar 2006 ya ji wata babbar ƙungiya a gefen Paris za ta yi gwajin matasa. Ya hau jirgin ƙasa, ya sauka wurin wani kawunsa a Montreuil, washegari ya nufi filin da ke kusa da Bobigny.

A layin masu neman kwatabak ya tarar da wani zanƙalelen saurayi yana waya da Hausa. Ransa ya yi fari, ya miƙa masa hannu.

"Salamu alaikum. Ashe da ɗan'uwa a wurin."

Saurayin sunansa Kamal, ɗan wani Alhaji ne Bakano mai harkar kai kaya Afirka. Ya amsa sallamar, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi murmushi.

"Malam, layin masu ɗebo ruwa yana can. Nan na kwatabak ne."

"Ni ma shi na zo nema."

"To ka taho da kujerar da za ka taka?"

Waɗanda ke kusa ba su jin Hausa, amma sai Kamal ya maimaita musu da Faransanci. Aka fashe da dariya.

Da ma a ce Hassoumi ya shiga fili ya ba su kunya. Ba haka aka yi ba. Da aka jera masa ƙatti a gaba, filin ya ɓace masa, ba ya ganin komai sai bayan mutane. Ya jefa, wani ƙato ya ɗaga hannu ya kaɗe ƙwallon. Ya sake, aka sake kaɗewa. Kocin ya kira shi gefe.

"Hannunka yana da kyau, yaro. Amma ba ka ganin abin da kake jifa, kuma jikin nan naka, karo ɗaya za a kwashe ka. Ban ƙi ka ba, gaskiya nake faɗa maka."

Aka ɗauki Kamal. Hassoumi ya koma Lyon.

Da ya ba mahaifinsa labari, tsohon ya saurare shi har ƙarshe. Can ya ce, "Hassoumi, mi kake nema a wasan ƙattin nan? Allah ya yi ka kamar kakanka, ba ka da inda za ka ƙaro tsawo. Ka nemi aiki ka hutar da ranka."

"Baba, zan nemi aiki. Amma ku bar mini wasan."

"In sun karya ka fa?"

"Sai in warke in koma."

Mahaifiyarsa, Hajiya Sahadatou, ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ka sa masa albarka kawai. Taurin kan nan ba daga wajena ya samo shi ba."

Ya samu aikin tuƙa bas a cikin gari, ya kuma shiga wata ƙaramar ƙungiya a Lyon da ke rukuni na biyu. Kocinsu wani dattijo ne ɗan Kanada, Koci Gaétan. Hassoumi bai ɓoye masa komai ba, ya gaya masa abin da ya faru a Paris.

Dattijon ya ce, "Mutumin bai yi ƙarya ba. Tsawo yana da amfani, duk wanda ya ce maka ba shi da amfani ruɗin ka yake. Amma ka san wani abu? Dogon ma ba ta saman kawunansu yake gani ba. Ƙattin gaba sun fi kowa tsawo. Ta tsakaninsu ake gani. Tagogi ne ke buɗewa suna rufewa. Dogo yana iya tsayawa taga ta same shi. Kai dole ka je ka neme ta da ƙafarka, kuma ka san abin da ke bayanta tun kafin ta buɗe."

Wannan magana ita Hassoumi ya riƙe.

A ƙasan benensu akwai wurin ajiye motoci mai ginshiƙai. Nan ya mayar filin atisaye. Yana tashi daga aiki sai ya sauko da ƙwallo, ya yi ta zamewa hagu da dama yana jefa ta tsakanin ginshiƙan. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin ƙara, har ya fasa madubin motar wata tsohuwa, ya je ya ba ta haƙuri ya gyara mata. Ya koyi sakin ƙwallo da sauri, ya koyi jifa yana gudu. Ya duƙufa kallon bidiyon abokan hamayya, har ya zama yana gane abin da za su yi daga yadda suka tsaya.

Jikinsa kuma ya ci wuya. A shekararsa ta biyu wani ƙato ya danne shi, haƙarƙari ya karye. Ya yi jinya, ya shiga ɗaga ƙarfe, ya koyi yadda ake zamewa ƙasa kafin a iso shi. Mahaifinsa ya zo asibiti, ya tsaya a kansa, bai ce "na gaya maka" ba. Addu'a ya tofa masa ya fita.

Sannu a hankali ƙungiyar ta fara cin wasa. A 2012 Hassoumi ya ja su har suka hau rukuni na ɗaya, inda manyan ƙungiyoyi ke ɗauko 'yan wasa da kwantiragi. Unguwa ta ɗauki murna. Yaran Minguettes suna shiga bas ɗinsa don kawai su gaishe shi.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Shugabannin ƙungiyar suka zauna suka ce rukuni na ɗaya ba wurin wasa da rai ba ne, ana buƙatar kwatabak mai cika ido. Koci Gaétan ya yi gardama, aka fi ƙarfinsa. Suka ɗauko sabon ɗan wasa daga Paris.

Ranar da ya shigo ɗakin canza kaya, sai da ya sunkuya a bakin ƙofa. Kamal ne.

Ya gane Hassoumi nan take. "A'a, Malam! Kana nan kana fama?"

"Ina nan. Sannu da zuwa."

Aka mayar da Hassoumi benci. Ƙungiyar da ya ɗauko a kafaɗarsa, yanzu yana zaune yana kallon wani a matsayinsa. Wannan ta fi ta Paris ciwo. Abokansa suka ce ya fice ya bar musu. Ya kwana biyu yana juya maganar a ransa, har ya haɗa kayansa cikin jaka. Amma da ya tuna ƙattin da suka sha duka saboda shi shekara da shekaru, sai ya kasa. Ya ce wa kansa, ƙungiyar nan ba ta shugabanni ba ce, tamu ce.

Ya ci gaba da zuwa atisaye kafin kowa. Abin da ya fi ba mutane mamaki, shi ya zauna yana koya wa Kamal dabarun ƙungiyar da halin kowane ɗan wasa. Da azumi ya zo, ya lura Kamal ba shi da kowa a Lyon, sai ya ja shi gidansu shan ruwa. Hajiya Sahadatou ta cika masa kwano da fura, ta ce, "Sha, ɗana, wannan tsawo sai da abinci."

Kamal ya ci ya sha ya yi godiya, amma a fili bai sauya ba. In Hassoumi ya ce masa, "Kana riƙe ƙwallo da yawa, ka sake ta da wuri," sai ya ce, "Ni ina ganin filin gaba ɗaya, bar ni." Ya saba da ƙattin Paris da ke ba shi lokaci. Na Lyon ba su kai su ƙarfi ba. Yana tsaye ƙiƙam yana neman jifa mai nisa, sai a zo a kwashe shi. In an kayar da shi, ya tashi yana zagin masu kare shi. Aka yi ta cin ƙungiyar.

Wasan ƙarshe na shekara ya kama a Paris, da tsohuwar ƙungiyar Kamal. In 'yan Lyon sun faɗi, sun koma rukuni na biyu, masu ɗaukar nauyinsu kuma sun riga sun ce za su janye. Malam Abdourahamane, wanda bai taɓa zuwa kallo ba, ya sa babbar riga ya bi motar magoya baya.

Kafin hutun rabin lokaci an ba su rata mai yawa. Tsofaffin abokan Kamal sun san shi ciki da waje, suka yi ta tumurmusa shi. Aka shiga ɗakin canza kaya. Kamal na zaune, leɓensa na jini, kansa a ƙasa. Can ya miƙe ya tsaya gaban koci.

"Koci, sa Hassoumi. Ni na kasa."

Sannan ya juyo ya ce wa Hassoumi da Hausa, "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Ƙungiyarka ce, je ka cece ta."

Hassoumi ya ɗaure hularsa. "Tamu ce. Kar ka tuɓe kayanka."

Jifarsa ta farko, wani ƙato ya ɗaga hannu ya kaɗe ta. 'Yan kallon Paris suka yi ihu. Hassoumi bai ko dube su ba. Ya tara 'yan wasansa ya ce, "Ba komai. Ku ba ni ƙiftawar ido kawai, sauran nawa ne."

Daga nan wasa ya juya. Ya zame hagu ya saki ƙwallo, ya zame dama ya saki wata. Gajerun jifa, masu sauri, kafin ƙattin su iso ƙwallon ta bar hannunsa. In sun rufe ko'ina, ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsu ya ruga gaba da ƙwallon. Ƙattin Lyon da suka yi sanyi suka farfaɗo. Ratar ta yi ta raguwa har ta dawo maki huɗu.

Lokaci ya kusa ƙarewa, suna dab da gidan abokan hamayya, wato ƙarshen fili inda kai ƙwallo ke ba da maki shida, dama ɗaya ta rage. Amma wurin ya matse, an tsare kowane ɗan wasansu, babu tagar da za ta buɗe. Hassoumi ya nemi a dakata, ya ruga wurin koci.

"Ba ni Kamal. Ya shiga cikin masu cafe ƙwallo."

Kamal ya zaro ido. "Ni? Ban taɓa yi ba."

"Ka ruga kusurwar dama ka juyo ka yi tsalle. Zan sa ta inda babu mai kai hannu sai kai."

Aka busa. Ƙatti suka yo kan Hassoumi. Ya ja da baya, ya karkata, ya ɗaga ƙwallon sama can, sannan aka danne shi. Yana ƙasa, fuskarsa cikin ciyawa, bai ga abin da ya faru ba. Ihun mutanen Lyon ne ya gaya masa. Kamal ya tashi sama tsakanin mutum biyu, ya cafe ta da yatsu, ya faɗo da ita a ƙirji cikin gida.

Kamal ya taho da gudu ya ɗaga shi cak, yana kuka yana dariya. A can cikin 'yan kallo, Malam Abdourahamane ya kama hannun wani Bature da bai sani ba yana girgizawa, yana cewa da Hausa, "Gajeren nan ɗana ne! Ɗana ne, wallahi!"

Ƙungiyar ta tsira. A shekarar da ta biyo, Hassoumi ya sa hannu a kwantiragin farko a rayuwarsa a matsayin kwatabak. Kamal ya zauna a Lyon da son ransa, ya koma mai cafiya, kuma a nan ne sunansa ya fito fiye da da. Suka yi shekaru suna wasa tare, ɗaya na jifa ɗaya na cafewa. Ranar auren Hassoumi, Kamal ne babban aboki.

Darasi: Abin da Allah bai ba ka ba, kada ka yi musun rashinsa, kada kuma ka zauna kana kuka a kansa. Ka nemi hanyarka da abin da ke hannunka, ka yi haƙuri ko an ture ka gefe, ka kyautata ko ga wanda ya rena ka. Kai kuma da aka ba, kada baiwa ta sa ka girman kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tura wannan labari ga duk wanda aka taɓa ce wa bai isa ba.