Kafintan Da Ya Ajiye Gudumarsa

Akwai wani kafinta a layin masu sana'a, wanda aka san shi da abu biyu: aikinsa ba ya ɓaci, bakinsa kuma ba ya daɗi. Shagonsa na tsakanin na mai walda da na wani tela. Tun safe za ka same shi da fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira.

Yana da mata da 'ya'ya uku, bai taɓa ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Amma akwai abin da ke cin sa a rai. Ƙanwa ɗaya tak gare shi, ana ce mata Auta, kuma rabonsa da ganinta shekara ashirin.

Mahaifinsu mutum ne mai saurin hannu. Abinci ya huce, duka. Yaro ya yi dariya da ƙarfi, duka. Mahaifiyarsu ce ta fi kowa ɗanɗanawa. Kafinta yana ɗan shekara goma sha biyar ya ƙulle rigunansa biyu ya gudu. Auta, 'yar shekara bakwai, ta biyo shi har bakin titi. Ya ce mata, "Koma, zan dawo in ɗauke ki."

Bai dawo ba sai da mahaifiyarsu ta rasu. Ranar Auta ko kallonsa ba ta yi ba. Daga baya ta yi aure ta yi nisa. Da ƙyar ya samo lambarta ya kira. Ta ce, "Yaya, muryarka irin ta Baba ce sak. Don Allah kar ka sake kira."

Lambar na nan a wayarsa. Sau da yawa yakan buɗe ta, ya yi ta kallo, ya mayar da wayar aljihu.

Wata rana wata dattijuwa ta shigo layin. Malama ake ce mata. Ita ke riƙe da wani gida da ake kula da yaran da suka fito daga gidajen da ake duka da tashin hankali. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin gidan ta janye tallafinta, saura wata biyu kuɗin haya ya ƙare. Shi ne take bi shago-shago tana neman taimako.

Kafinta ko ɗagowa bai yi ba. "Malama, mu ma an doke mu, ga mu nan ba mu mutu ba. Wa ya tara mana kuɗi?"

Tela ya leƙo yana dariya. "Ai shi ya sa kullum fuskarka kamar an ci bashinka!"

Malama ba ta yi fushi ba. Ta ce, "To, na ji. Amma ƙofarmu ta lalace. Za ka zo ka gyara? Zan biya ka."

"Aiki kam ai ba a ƙin sa," in ji shi.

Washegari da hantsi ya je. Gida ne mai ɗaki huɗu, da tabarmi, da ƙananan kujeru, bango cike da zanen yara. Ƙofar waje ta tsage daga tsakiya, sakata ta fita.

"Me ya same ta haka?"

"Wani ne ya zo neman matarsa da 'ya'yansa," in ji Malama. "Da ƙafa ya yi sallama."

Kafinta ya auna katako, ya yanka, ya saita ƙusa. Ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya, sau biyu.

Hayaniyar yara ta ɗauke ɗif.

Ya waiga. Wasu sun shige ƙarƙashin teburi. Amma wata yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba, tana nan tsaye inda take. Ta jawo ƙanwarta jikinta, ta toshe mata kunnuwa da hannu biyu. Nata kunnuwan a buɗe suke. Idonta na kan hannunsa, tana ta ce wa ƙaramar, "Ina nan, ina nan, ba inda za ni."

Gudumar ta yi masa nauyi. Shekara da shekaru yana lissafin dukan da ya sha. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ba: bayan ya tafi, wa ya toshe wa Auta kunne?

A hankali ya ajiye gudumar a ƙasa. Ya tsuguna, ya rage murya. "Yi haƙuri, 'yata. Na daina."

Ya zare ƙusar, ya ɗauko sukundireba da ƙusoshin da ake murɗawa. Aikin awa ɗaya ya ci masa wuni guda, don ko ƙara ɗaya bai sake yi ba. Can da la'asar yarinyar ta matso, ta tsaya daga nesa tana kallo.

"Wannan ƙofar ba za ta ƙara ɓallewa ba?"

"Ba za ta ɓalle ba."

"In an rufe gidan fa? Na ji ana cewa za a rufe."

Kafinta ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Da Malama ta miƙo masa kuɗin aiki, ya girgiza kai. Ya zauna kan ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinsa har ƙirji, ya ba ta labarin Auta tun daga farko. Ko matarsa ba ta taɓa jin sa duka ba.

"Ni ma yaro ne a lokacin, Malama."

"Yaro ne kai, gaskiya," in ji ta. "Ita ma yarinya ce. Tun da ba ta son jin murya, rubuta mata. Kar ka nemi komai a wurinta. Faɗi naka, ka bar mata nata."

A ranar ya rubuta wa Auta saƙo a waya: "Auta, na ce zan dawo ban dawo ba. Na bar ki ke kaɗai. Ba sai kin amsa ba."

Ba ta amsa ba.

Da gari ya waye, shi ya shiga gaba, Malama na biye. Mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, sai ga shi shago-shago yana roƙo. Mai walda ya ce, "Kai ne kuwa? Ko an sauya mana kai?" Tela ya ce dole a duba shi ko zazzaɓi ne. Amma da ya ba su labarin yarinyar, dariya ta tsaya.

Suka yi shawara kowa zai riƙa ba da cinikin rana ɗaya a wata. Wasu sun cika alkawari, wasu sun zame. Matar Kafinta ta kai maganar wurin mata 'yan uwanta 'yan kasuwa, su ma suka sa hannu. Abin bai kai ya riƙe gida mai ɗaki huɗu ba, sai aka koma mai ɗaki biyu. Amma ba a rufe ba, kuma ba yaron da aka mayar inda ya fito. Kafinta ne ya haɗa gadaje masu hawa biyu don kowa ya sami wurin kwana.

Duk wata in ya kai nasa kason, sai ya rubuta wa Auta layi ɗaya ko biyu. Babbar 'yarsa ta ci jarrabawa. Haƙorinsa na ciwo. Ya ga wata mai tafiya irin ta mahaifiyarsu har ya bi ta da kallo. Saƙonnin suna shiga, shiru yana dawowa.

A wata na bakwai, yana tsakar yankan katako, waya ta yi motsi a aljihunsa. Hoton wata yarinya ne mai wushirya, cikin kayan makaranta. A ƙasa an rubuta: "'Yarka ce. Tana tambaya ko tana da kawu. Kar ka kira tukuna, Yaya. Ci gaba da rubutawa, ina karantawa."

Ya zauna kan tarin katako, ya karanta ya sake karantawa. Tela ya leƙo da niyyar tsokana, ya ga fuskarsa, ya koma shagonsa.

Har yau ba su haɗu ba. Amma ranar ya rufe shago tun azahar, ya tafi gida da sauri don ya nuna wa 'ya'yansa 'yar uwarsu.

Darasi: Don ka sha wuya ka rayu, ba shi ne dalilin barin wani yaro ya sha irinta ba. Yaran da suka tashi cikin duka da tsoro suna bukatar wurin da za su kwana lafiya, kuma irin wannan wuri da taimakonmu yake tsayawa, komai ƙanƙantarsa. Ku nemi masu wannan aiki kusa da ku ku tallafa musu, ku kuma tura wa wasu wannan labari, wataƙila ya isa ga wanda ya daɗe yana son rubuta wa ɗan uwansa.