Sunan da Kande Ta Faɗa a Kotu

Ku matso ku ji wata magana da har yau mutanen unguwarmu ba su gama musu a kanta ba.

Wata tsohuwa ce, Kande, tana da ɗan fari, Zakari mai gyaran keke. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yayan su Ladi". Ko tuwo za ta miƙa masa, bango take kallo.

Matar Zakari ta haihu, suna ran Asabar. Ran Alhamis, da zumuɗin sabon uba, ya kafa rumfa ya datse layi kaf. 'Yan sanda suka zo wucewa suka ce ya cire, shi kuwa ga tsiwa, ya mayar musu da magana. Sai ga gogan naku a bayan mota, wai ya tare hanya ya kuma tayar da hankali. Laifin ba wani babba ba ne, amma in ba a yi belinsa kafin kotu ta tashi sallar Juma'a ba, gidan yari zai zauna har Litinin, a raɗa wa ɗansa suna ba ya nan.

Ba wanda ya san inda aka kai shi. Abokinsa Mati mai shayi ya kife tukunya, ya bi ofisoshin 'yan sanda da ƙafa har silifas ɗinsa ya tsinke. A na huɗu ya gano shi, ya kuma ji kotun da za a kai shi da safe.

Alƙali ya ce zai ba da beli, amma sai magidanci mai takardar gida ya tsaya masa, sannan wani na jininsa ya yi rantsuwa. Surukin Zakari, Malam Nomau, wanda tun farko bai so auren ba, ya zo da takardar gidan da ya gada, a naɗe cikin leda. Aka ce masa in yaron ya gudu, gidan ya tafi. Ya ce, "A rubuta."

Saura na jini, kuma mahaifin Zakari ya rasu, ƙannen Zakarin kuwa, su Ladi, duk suna aure a nesa. Kande ta miƙe.

Akawun kotu ya ce, "Inna, wa kika zo tsaya wa?"

Ta ce, "Wancan yaron."

"Sunansa za ki faɗa."

"Yayan su Ladi."

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya dubi agogo, ya sassauta murya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, takarda ba ta san yayan su Ladi ba."

Ladan ya fara kiran farko. Kande ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Can ta ce, "Zakariya'u. Ɗana ne."

Ƙaton nan mai tsiwa ya durƙusa yana kuka kamar yaron goye. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

To, tun yana tsare Zakari ya yi alkawari, duk wanda ya fitar da shi, shi zai zaɓa wa jaririn suna. Ga Mati, ga Malam Nomau, ga Kande, gobe kuma suna. Ku faɗa mini, wa ya fi cancanta ya zaɓa?