Soson da Aka Wanke Fes

Akwai wani mutum mai suna Istifanus, kafinta ne, yana da akwatin gilashi cike da ruwa a falonsa, da kifaye tara a ciki. Ba kifin miya ba ne, kada yawunku ya tsinke. Kifin ado ne, jajaye da masu ruwan ɗorawa. Shi da hannunsa ya ƙera teburin da akwatin yake kai, ya zuba fararen tsakuwa a ƙasa, ya sa fitila a sama, har ƙaramin batirin sola ya saya don kada injin tace ruwan ya tsaya idan an ɗauke wuta. Babban cikin kifayen kuwa, wani mai ƙaton ciki da ba ya gaggawa, ya raɗa masa suna Dattijo.

Kai, mutumin nan yana ji da kifayensa! Baƙo ba ya shan ruwa a gidan sai an kai shi gaban gilashin tukuna. Ya tsaya, ya harɗe hannu a baya, ya ce, “Dubi ruwan nan. Ka taɓa ganin ruwa garau haka?” Gaskiyarsa ne kuma, ruwan garau yake.

To, a bayan akwatin, inda ido ba ya kaiwa, akwai mataci. Ƙaramin inji ne da yake jan ruwan ya bi ta cikin wani soso, ya komo a tace. Istifanus bai taɓa buɗe shi ba. Wannan aikin uwargidansa ne, Rifkatu, wadda ake kira Maman Keziya. Duk bayan mako biyu takan ɗebi ruwa daga cikin akwatin a roba, ta ciro soson, ta matse shi a hankali cikin ruwan nan sau uku ko huɗu, ta mai da shi wurinsa. Ruwan dattin ta kai wa yakuwarta a bayan ɗaki. Haka tsohon da ya sayar musu da kifayen ya koya mata, a ranar da maigidan ya shagala da zaɓen launi.

Ana nan, sai Rifkatu ta tafi ƙauye jinyar mahaifiyarta. A makon nan kuma aka ce zumuntar maza ta ikilisiyarsu za ta yi taro a gidan Istifanus. Ya share falo, ya goge gilashin ciki da waje, sa'an nan ya ce bari ya leƙa bayan akwatin. Da ya buɗe matacin, ya ga soson ya yi ruwan ƙasa, yana yauƙi, sai ya yamutsa fuska.

Ya ce, “Ashe haka matar nan take aiki? Shekara biyu na yarda da ita, ga abin da take ɓoye mini!”

Ya dafa ruwan famfo, ya zuba garin sabulu, ya dirje soson nan, ya ɗauraye, ya sake dirjewa, har ya fito fari fes kamar ranar da aka saye shi. Ya ɗaga shi a rana yana murmushi. Da mazan zumunta suka zo, bai tsaya ga kifaye ba, har matacin ya buɗe musu. Ya ce, “Ku ga yadda namiji yake wanki.” Suka yi dariya, suka yaba, ya ji daɗi ƙwarai.

A rana ta biyu ruwan ya fara yin fari-fari kamar an ɗiga madara. A rana ta uku kifayen suka taru a sama suna buɗe baki, suka ƙi abinci. A rana ta huɗu biyu suka juya ciki sama. Dattijo kuwa ya kwanta a kan tsakuwa, ya karkace, numfashi kawai yake yi. Hankalin Istifanus ya tashi, tsoro ya kama shi. Ya zauna a gaban gilashin ya rasa abin yi, gama a saninsa bai yi kome ba sai tsabta.

Da azahar ɗin ranar Rifkatu ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta zagaya bayan akwatin, ta buɗe matacin, ta shinshina soson.

Ta ce, “Baban Keziya, sabulu ka sa?”

Ya ce, “Datti na gani.”

Ta ce, “Wayyo! Ba datti kaɗai ba ne. Akwai waɗansu ƙananan halittu da suke zaune a cikin soson nan, ido ba ya ganinsu. Su ne suke cinye dafin da yake fitowa daga kashin kifi. Shi ya sa nake matse shi da ruwan akwatin, ruwan da suka saba da shi. Ruwan zafi da sabulu sun kashe su duka. Yanzu kifayen nan cikin gubar jikinsu suke iyo.”

Istifanus ya ce, “Maman Keziya, na zarge ki a gaban mutane, alhali ke kike riƙe da ransu. Ki gafarce ni. Me za a yi?”

Ta ce, “Ni zan rage ruwan, in ƙara wanda ya kwana a randa. Kai kuma ka je wurin tsohon nan, ka roƙe shi guntun tsohon soso daga akwatinsa. Mai dattin fa. Ka kawo shi cikin ruwansa, kada ya bushe.”

Sai ga Istifanus, mai cewa a ga yadda namiji yake wanki, yana ratsa kasuwa da leda cike da ruwan ƙasa-ƙasa, ya tallafe ta da hannu biyu. Wani daga cikin mazan zumunta ya gan shi, ya ce, “Kafinta, me ka sayo haka?” Ya ce, “Abin da na zubar ne na je na roƙo.”

Suka jefar da farin soson, gama sabulu ya riga ya shige shi. Suka sa sabo tare da guntun tsohon, suka rage ba da abinci, Rifkatu tana canja ruwa kaɗan-kaɗan kowace safiya. Kifi ɗaya ya ƙara mutuwa. Amma a rana ta tara Dattijo ya tashi daga kan tsakuwa, ya hau sama, ya karɓi abinci. Tun daga ran nan, idan baƙo ya zo, bayan akwatin ake fara kai shi. Istifanus ya buɗe matacin, ya nuna soso mai ruwan ƙasa, ya ce da babbar murya, “Ka ga wannan? Aikin Maman Keziya ne. Duk garin nan ba wanda ya iya shi kamarta.”

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ta da nisa. Akwatin shi ne gidanku, shi ne kuma ikilisiyarmu. Kifayen su ne abin da kowa yake gani ya yaba, wato waƙa mai daɗi, da yara masu ladabi, da zaman lafiya. Soson kuwa su ne mutanen da dattinmu yake bi ta kansu. Ina nufin mai zama da mara lafiya har ta kwashi warinsa, da mai shiga tsakanin masu faɗa ya sha zagi daga nan ya sha daga can, da tsohuwar da kowa yake kai wa kukansa ta haɗiye, ta kai wa Ubangiji cikin addu'a. Irin waɗannan ba sa ƙyalli. Ta yaya za su yi ƙyalli, ga abin da suke ɗauka?

Abin da yake ba ni haushi ke nan. Sai wani ya leƙa rana ɗaya, ya ga gajiyarsu da 'yan kurakuransu, ya zo da ruwan zafi da sabulu, wai gyara. A tsige wannan, a kunyata waccan a gaban jama'a. Bayan wata biyu a ce, me ya sami ikilisiyar nan? Ban ce kada a yi gyara ba. Rifkatu ma tana matse soson. Amma a hankali take yi, da sanin abin da yake raye a ciki.

Ni dai ina alfahari da su, ba na kuwa jin kunyar faɗa. Ina ganinsu daga nan inda nake tsaye, a kujerun baya, sun sunkuyar da kai don sun gane da su nake. Allah da yake ganin abin da yake a ɓoye ya san sunan kowannensu. Kai ma ka san naka, a gidanka yake. Istifanus sai da ya binne kifi uku kafin ya buɗe baki ya gode. Kai nawa kake jira?