Kwatancen Gidan Alhaji Barau

Alhaji Barau ya kai ƙarar Gwaggo Tasalla mai waina wurin mai unguwa, wai hayaƙinta ya karya darajar gidan da yake son sayarwa.

Mai unguwa ya ce, "Gwaggo, ki hana hayaƙinki tsallake katangarsa, ko ki tashi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni da ko tarina ban iya tsayarwa ba, ina ni ina hayaƙi? Zan tashi. Amma Alhaji, yi mana kwatancen gidan yadda kake yi wa masu saye, ban da ambaton tsohuwar banza irina."

Alhaji ya ce, "In ka iso wajen mai waina..."

Mai unguwa ya ce, "Gwaggo, koma ki hura wutarki kada gidan Alhaji ya ɓata."