Sunan da Nives Ta Ƙi Faɗa

An yi wani tsoho a unguwarmu ta Garbatella, nan birnin Rum, sunansa Egidio Tamburro. Kullum yana shagon kofi yana yi wa talabijin faɗa, wai 'yan fim na yanzu ba su iya komai ba. Kun san ni da bin diddigi. Na yi ta saya masa kofi har ya saki baki.

Ashe darakta ne a zamaninsa! Irin finafinan nan masu araha, jini da ihu da tsiraici, da ake ɗauka a ramin fasa dutse a bayan gari a ce ƙungurmin daji ne. Amma ba za ka ga sunan Tamburro a jikin ko ɗaya ba. Kamar sauran 'yan sana'ar, sunan Amurkawa ya ara, Burt Halloway, don 'yan kallo su zaci kayan waje ne. Sunan ubansa kuwa ya adana, wai sai ranar da ya yi fim na mutunci. Ranar ba ta zo ba.

A babban fim ɗinsa kowa ya samu sunan aro, ban da jarumar, wata 'yar ƙauye mai suna Nives Pasqualoni. Ta roƙe shi.

"Don Allah, Darakta, ni ma a ba ni na ƙarya. Babana ba ya fashin coci."

"Sunanki ya dace da fosta, yarinya. Za ki gode mini."

Ya buga sunan da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hotonta, ita kuma ba kayan kirki a jikinta. Saurayinta ya fasa aurenta. Babanta ya rufe mata ƙofa har ya mutu.

Shekaru suka ja, aka manta da fim da mai fim. Kwatsam bara wasu matasa suka tono shi, suka haukace a kansa, suka shirya nuna shi a silima. Tambayarsu ɗaya: wane ne Burt Halloway?

Egidio ya kira su ya ce shi ne.

"Baba, ba kai ne tsohon farko da ya ce shi ne ba," in ji mai shirya taron. "Kawo shaida."

Ina shaida? Kamfanin ya rushe, abokan aikin duk sun kwanta dama. Nives kaɗai ta rage, kuma matasan sun riga sun gayyace ta, tunda nata ne kawai sunan gaskiya.

Ya ja ni na raka shi gidanta. Tsohuwa ce tsaf, tela, tana yi wa jikarta kalmasar riga.

"Ah, Darakta! Ashe mutuwa ba ta gane sunanka ba ita ma?"

"Bar wasa, Nives. Ranar Lahadi ki nuna ni kawai, ki ce ga shi."

Ta ajiye allura. "Ba ka da wata maganar da za ka fara yi mini?"

Na taka masa ƙafa. Wallahi na taka! Amma gogan naku sai ya ce, "Kin ga abin da na faɗa miki? Ni na yi miki suna."

"Haka ne," in ji ta. Ta ɗauki allurarta.

Ranar Lahadi da yamma silima ta cika maƙil. Egidio ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki. Da fim ya ƙare aka hau da Nives dandamali, aka miƙa mata makirufo.

"Inna, gaya mana, wane ne Burt Halloway?"

Egidio ya dafa kujera ya fara miƙewa. Ta dube shi ido cikin ido.

"Mutumin ya ɓoye sunansa, shi ya san dalilinsa. Ni kuwa ba na tona wa mutane asiri."

Tafi ya ɓarke, matasa suna cewa ga mace mai riƙon amana. Egidio ya koma ya zauna a hankali. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye muku ba, amma na kasa ganin laifinta.

Na raka shi har ƙofar gidansa. Nan ya juyo.

"Da na ce ta yafe mini, kana ganin da ta faɗa?"

Na ce ban sani ba. Har ya mutu bai koma ya tambaye ta ba.

Darasi: Kada ka rufa wa kanka asiri ka tona na wani, domin wata rana mutuncinka zai iya zama a bakinsa. In kuwa ka yi kuskuren, "yafe mini" ba ta rage wa kowa tsawo. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa yau.